Ƙarfen da Ake Hurawa da Iska

Tun da aka fara ƙira a duniya, maƙeri yana fama da matsala guda da ba ta taɓa barinsa ba: ƙarfen da ya fi juriya a wurin aiki shi ne ya fi taurin kai a maƙera. Hanyoyi biyu ne a gabansa, kuma kowace da ɗawainiyarta. Ko dai ya narkar da ƙarfen ya zama ruwa ya zuba shi a mazubi, ya haƙura da motsewar da zai yi in ya daskare da 'yan ramukan iska da za su ɓuya a cikinsa, ko kuma ya gasa shi ya yi ja, ya ɗora kan uwar maƙera ya yi ta bugu har ya yi laushi. Manyan masana'antun zamani ba su fita daga wannan da'irar ba, sun dai maye gurbin masaba da injin da ke danna dubban tan. Mai aikin gilashi da mai aikin roba kuwa suna da hanya ta uku da maƙeri bai samu ba. Kayansu ba ya tsallakawa daga tauri zuwa ruwa farat ɗaya, yana yin laushi ne a hankali, ya bi ta wani mataki na danƙo inda za a ja shi, a lanƙwasa, a hura masa iska ya zama kwalba. Abin da wannan babi zai kare shi ne cewa babbar daraja ta ƙarafan da ake kira gilashin ƙarfe tana cikin wannan mataki na danƙo da suka samar wa ƙarfe. Ƙarfinsu, wanda aka fi yi wa talla, ya biyo baya ne. Wanda ya fahimci wannan zai gane inda suke da amfani, ya kuma gane dalilin da ya sa alƙawuran da aka yi a kansu da yawa ba su cika ba.

Dalilin da ya hana ƙarfe na yau da kullum yin danƙo yana cikin yadda ƙwayoyin zarrarsa suke zama. A narkakken ƙarfe ƙwayoyin suna yawo ba tsari. Da zafi ya sauko zuwa wani mataki ƙayyadadde, sai su yi sahu, layi bisa layi, su zama abin da masana ke kira kiristal, kuma kusan duk ƙarfen da muke taɓawa tarin 'yan tsabobin kiristal ne manne da juna. Wannan jeruwa tana faruwa cikin sauri sosai, domin ƙwayoyin ƙarfe ɗai-ɗai suke, ba su da dogayen sarƙoƙi irin na roba da za su harɗe su hana su motsi. Gilashi kuwa ruwa ne da sanyi ya riska kafin ƙwayoyinsa su sami damar yin sahu, sai ya sandare a hargitsensa. Mai alewa yana aiki da wannan ka'idar kullum ko da bai san sunanta ba: yana dafa sukari, ya bar shi ya ɗan huce, ya yi ta ja yana ninkewa yayin da yake da danƙo, in ya yi sanyi ya ƙame ya zama abin da ake fasawa. In kuma aka yi sakaci sukarin ya koma tsaba-tsaba, aikin ya ɓaci, ba zai ƙara jawuwa ba sai an sake narkar da shi daga farko. Duk abin da zai biyo baya a babin nan bai wuce wannan ba, sai dai a ƙarfe lokacin da ake da shi ya fi ƙaranci nesa ba kusa ba.

A shekarar 1960 ne Pol Duwez da ɗalibansa biyu, Klement da Willens, a cibiyar Caltech da ke Kalifoniya, suka nuna cewa ana iya yi wa ƙarfe wannan dabara. Sun harba ɗigon narkakken gamin zinare da silikon a kan faranti mai sanyi, ya huce da gudun da ya kai kusan digiri miliyan ɗaya cikin daƙiƙa, abin da ya fito kuwa ɗan ɓawo ne siriri wanda ba kiristal a cikinsa. Irin wannan gudun sanyaya ba ya yiwuwa sai ga abu marar kauri, shi ya sa shekaru da dama gilashin ƙarfe bai wuce siririn ƙyalle ba. Ko a hakan ya yi rana, domin ƙyallen Metglas da kamfanin Allied Chemical ya fara fitarwa a shekarun 1970 ya shiga cikin taransifoma, inda yake rage wutar da ke salwanta a matsayin zafi. Amma ƙyalle ba abin ƙira ba ne. Sauyin ya zo ne da aka gano cewa in aka cakuɗa ƙarafa da yawa masu ƙwayoyi mabambantan girma, ƙwayoyin sukan rasa yadda za su jeru, su yi ta jinkiri. Akihisa Inoue na Jami'ar Tohoku a Sendai, ƙasar Japan, ya bi wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1980, har ya fitar da ƙa'idoji uku: a haɗa sinadarai uku ko fiye, girman ƙwayoyinsu ya bambanta da fiye da kashi 12 cikin ɗari, kuma su kasance masu son cuɗanya da juna. A 1993 Atakan Peker da William Johnson, su ma a Caltech, suka sanar da gamin zirkoniyam da titaniyam da jan ƙarfe da nikel da beriliyam wanda aka sa wa suna Vitreloy 1. Shi wannan sanyin kusan digiri ɗaya a daƙiƙa ya ishe shi zama gilashi, wato an sauko daga miliyan zuwa ɗaya, kuma ana iya zuba sanda mai kaurin santimita da dama.

Abin da ya fara ɗaukar hankalin 'yan kasuwa shi ne ƙarfi, kuma suna da hujja. Vitreloy 1 yana jure matsin da ya kai kusan megafaskal 1,900 kafin ya saduda, alhali rodin gini yana tsakanin 400 zuwa 500. Yana kuma iya lanƙwasa har kusan kashi 2 cikin ɗari ya dawo daidai, abin da ƙarafan gama-gari ba sa kusanta. Aka yi kan sandar wasan golf da shi, aka sa shi a raket ɗin tanis, aka yi ta maganar cewa zai kori baƙin ƙarfe. Sai dai ƙarfin nan yana tafe da aibinsa, kuma tushensu ɗaya ne. A ƙarfe mai kiristal, layukan ƙwayoyi suna zamewa kan juna kaɗan-kaɗan a ko'ina cikin jikinsa, shi ya sa rodi yake lanƙwashewa ya ba da gargaɗi kafin ya karye. Gilashin ƙarfe ba shi da layukan da za su zame, to in an matsa masa fiye da kima a yanayin sanyi, duk motsin sai ya taru a wani siririn tsagi mai kaurin nanomita goma zuwa ashirin, wurin ya yi laushi, ya ƙara jawo motsi, abin ya tsinke ba sallama. Injiniya ba ya gina gada da abin da ba ya gargaɗi, komai ƙarfinsa. Da ƙarfi kaɗai suka zo da shi, da gilashin ƙarfe sun tsaya a matsayin abin mamaki na ɗakin gwaji.

Labarin yana canzawa ne in aka ɗumama su. Kowane gilashi yana da matakin zafin da ƙwayoyinsa ke fara samun sukunin motsi, wanda ake kira matakin sassautawa. Na Vitreloy 1 yana wajen digiri 350 a ma'aunin Salshiyas, nesa ƙwarai da inda yake narkewa gaba ɗaya, sama da digiri 700. Akwai wani gamin filatinam da nasa yake wajen digiri 230, kuma a 2005 masu bincike a Beijin suka ba da rahoton gamin seriyam da ke yin laushi a cikin ruwan zafi. Da an haura wannan mataki, abin da ke hannu ya daina zama daskararre, ya zama ruwa mai tsananin kauri da bai kamata a ce yana nan a wannan zafin ba. Ana auna kaurin ruwa da wani ma'auni wanda a kansa ruwan sha yake da 0.001, zuma kuma wajen 10. A daidai matakin sassautawa gilashin ƙarfe yana da kusan tiriliyan ɗaya, amma ƙarin 'yan digiri gomomi yana sauko da shi zuwa wajen miliyan ɗaya, kusan kaurin gilashin kwalba lokacin da ya fara lanƙwasa da kansa a wuta. A wannan halin, ƙarfen da ɗazu yake buƙatar megafaskal 1,900 zai bi matsin da bai kai megafaskal ɗaya ba, daidai da iskar da ke cikin tayar mota ko ƙasa da haka. In aka huce shi ya koma ƙasan matakin, ƙarfinsa ya dawo. Wannan shi ne raba abubuwa biyun da suka daɗe a ɗaure: juriyar ƙarfe a wurin aiki ta daina ƙayyade wahalar da za a sha wajen ba shi siffa.

Laushi kaɗai bai isa ba, domin abu yana iya yin laushi amma ya tsinke da an ja shi. Duk sandar da ake ja tana da wani wuri da ya ɗan fi sauran siranta. Nauyi yana taruwa a nan, wurin yana miƙewa da sauri fiye da maƙwabtansa, yana ƙara sirancewa, har ya yi wuya ya yanke. Haka yawancin ƙarafa suke mutuwa tun kafin tsawonsu ya ƙaru da rabi. Abin da ke hana wannan shi ne in abu yana da halin ƙara turjiya gwargwadon saurin da ake jansa: wurin da ya fara gudu sai ya yi tauri a kan sauran, miƙewar ta koma wani wuri, sirancewar ta bazu a duk tsawon sandar. Masana suna auna wannan hali da lamba daga sifili zuwa ɗaya. Ƙarafan gama-gari a sanyi suna kusa da sifili. Ruwa mai kauri na ainihi, wanda turjiyarsa take ninkuwa daidai da yadda aka ninka saurin ja, yana da ɗaya cif, kuma gilashin ƙarfe a cikin matakin danƙo yana nan ko dab da nan muddin ba a yi masa gaggawa ba. Shi ya sa a gwaje-gwajen da aka yi a Tohoku a shekarun 1990 aka ja sanduna suka ninka tsawonsu fiye da sau goma ba su yanke ba.

A nan mai ilmin ƙarafa zai ce wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1934 Pearson a Ingila ya ja gamin bismut da kuza ya miƙe da kashi 1,950 cikin ɗari, a 1964 kuma Backofen da abokan aikinsa a MIT suka hura farantin gamin tutiya da alminiyam ya kumbura kamar ƙwallo, kuma shekara da shekaru masana'antun jiragen sama suna siffanta farantan titaniyam ta haka. Gaskiya ne, amma a duba sharuɗɗan. Waɗancan ƙarafa masu kiristal ne, suna miƙewa ne saboda 'yan tsabobinsu suna gogar juna suna zamewa, wanda ke buƙatar a fara tace ƙarfen har tsabar ta yi ƙanƙanta ƙasa da maikuromita goma. Lambar turjiyarsu takan tsaya wajen rabi. Gamin titaniyam yana buƙatar zafin kusan digiri 900, kuma jan yana tafiya a hankali har kaya guda ya ɗauki dogon lokaci a cikin injin, tare da haɗarin ƙananan ramuka su buɗe a tsakanin tsabobin. Bambanci mafi girma kuwa shi ne tsabar kanta: ba za ka cusa ƙarfe cikin ramin da ya fi tsabarsa ƙanƙanta ba. Gilashin ƙarfe ba shi da tsaba ko kaɗan, iyakarsa ita ce ƙwayar zarra.

Aikin Jan Schroers da ɗalibansa a Jami'ar Yale ya nuna wannan a fili. Ana ɗaukar ɗan faifan gamin zirkoniyam mai faɗin sulalla, a ɗaure bakinsa a kan bututu, a ɗumama shi zuwa wajen digiri 450. Ba ya yin ja, ba ya ɗiga, a ido yana nan kamar yadda yake. Sai a saki iska kaɗan daga baya, matsin da huhun mutum ma zai iya bayarwa, faifan ya fara tasowa a tsakiya, ya kumbura, ya bi bangon mazubin da aka kifa masa, ya ɗauki duk wani zane da ke jiki. Cikin abin da bai wuce minti ɗaya ko biyu ba a huce shi, a fito da kwalba ta ƙarfe mai siririn bango, ba walda, ba ɗinki, mai siffar da injin dannawa ba zai iya bayarwa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2009 suka wallafa a mujallar Nature yadda suka danna gamin filatinam a kan mazubi mai ƙananan ramuka, suka fito da 'yan sanduna masu kaurin nanomita 13, abin da gashin kan mutum ya fi shi kauri sau dubbai. Akwai wata riba da ba a cika ambata ba: ƙarfe na gama-gari yana motsewa da kashi da dama cikin ɗari lokacin da ƙwayoyinsa suka jeru, gilashin ƙarfe kuwa da yake ba ya jeruwa, motsewarsa ba ta taka kara ta karya ba, sai kaya ya fito daidai awon mazubi, fuskarsa sumul, ba sai an bi shi da gurza da gogewa ba. A ƙananan kaya masu buƙatar awo na ƙwarai, wannan gyaran baya yakan ci kuɗi fiye da ƙarfen kansa.

Suka ta biyu, bayan ta mai ilmin ƙarafa, ta fi nauyi, kuma ita ce ta lokaci. Ruwan nan mai kauri ba a zaune yake lafiya ba. Motsin da ya ba ƙwayoyin damar malala shi ne kuma yake ba su damar neman sahu, don haka daga lokacin da aka haura matakin sassautawa agogo ya fara bugawa. In kiristal ya tsiro, kaurin yana hauhawa nan take, miƙewa ta tsaya, kayan kuma ya fito da gautsi. Mai aikin yana tsakanin abubuwa biyu masu jan juna: in ya ƙara zafi, ƙarfen ya ƙara laushi amma lokacin ya ragu daga mintuna zuwa daƙiƙu, in ya rage zafi ya sami lokaci amma ƙarfen ya ƙi tafiya. In ya ce zai rama da sauri, ya matsa da ƙarfi, halin turjiyar nan mai kyau yana lalacewa, wuyan da ake gudu ya dawo. Kuma lokacin ba ya sabuntuwa, abin da aka ci a ɗumamawar farko an ci shi ke nan, ta biyu za ta fara ne daga inda aka tsaya. Har ila yau an gano cewa kiristal ya fi saurin kama Vitreloy 1 a hanyar hawa fiye da hanyar sauka: digiri ɗaya a daƙiƙa ya isa a tsere masa wajen sanyaya, amma wajen ɗumamawa sai an yi kusan 200, saboda 'ya'yan kiristal da suka ƙyanƙyashe a ƙananan zafi suna samun wurin girma da an haura. Roba ba ta da wannan matsala, shi ya sa kwatanta su da roba da ake yawan yi yake da ƙarin gishiri.

Wannan suka ba ta rushe hujjar ba, ta dai nuna cewa gwanintar duka tana cikin sarrafa lokaci. A 2011 Johnson da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science wata dabara da ta yi amfani da hargitsin ƙwayoyin kansa. Da yake gilashin ƙarfe yana da turjiya babba ga lantarki, kuma turjiyar ba ta canzawa sosai da zafi, in aka sako masa wuta mai yawa a bugu ɗaya daga ma'ajiyar caji, duk jikinsa yana ɗaukar zafi bai-ɗaya cikin kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. Ta haka suka kai shi zafin da kaurinsa ya yi ƙasa sosai, suka tura shi cikin mazubi, aka gama kafin kiristal ya farga. Muhimmancin wannan shi ne yana buɗe ƙofa ga gamin da ba su da haƙurin Vitreloy, waɗanda kuma galibi su ne masu araha.

Saura maganar kuɗi, kuma a nan dole a sallama wa masu suka da yawa. Gamin da suka fi daɗin sarrafawa an gina su ne a kan faladiyam da filatinam da zinare, ko kuma zirkoniyam mai tsabta ƙwarai, domin ɗan iskar oksijin da ya shiga yana zama irin da kiristal ke tsirowa a kai. Beriliyam da ke taimaka wa Vitreloy yana da guba, ƙurarsa tana lalata huhu. Kafin a hura komai sai an fara samun faranti ko sanda da ta riga ta zama gilashi, wanda shi kansa aiki ne mai tsada, kuma kauri yana da iyaka: sanda mafi girma da aka ba da rahoto, ta gamin faladiyam a Japan, ba ta wuce milimita 80 ba. In kuma aka huce kayan a hankali bayan siffantawa, ƙwayoyin suna ƙara matsewa, gautsi ya ƙaru ko da kiristal bai fito ba. Ga kuma gaskiyar cewa yawancin kayan gilashin ƙarfe da ke kasuwa a yau zuba su ake yi kai-tsaye daga narkakke, ba a bi ta matakin danƙo ba. To amma a lura da abin da waɗannan matsaloli suka haɗu a kai: dukkansu suna tsananta ne da girman kaya. A abu mai nauyin giram ɗaya ko biyu, tsadar zirkoniyam ba ta da tasiri idan aka kwatanta da kuɗin sassaƙa shi da inji, iyakar kauri ba ta taso ba, zafi yana shiga ya fita da sauri, kuma an tabbatar cewa siririn gilashin ƙarfe yana lanƙwasa ba tare da karyewa ba, saboda tsagin nan mai kisa ba ya samun tsawon da zai gudu.

Shi ya sa wuraren da fasahar ta kafu ba su yi kama da mafarkin shekarun 1990 ba. Kamfanin Apple ya sayi lasisin amfani da gamin gilashin ƙarfe na kamfanin Liquidmetal a 2010, mutane suka yi ta jiran waya sukutum ta gilashin ƙarfe, abin da aka tabbatar an yi da shi a lokacin kuwa ɗan tsinken fitar da layin waya ne. A 2009 kamfanin agogo na Omega a Suwizalan ya fitar da Seamaster Planet Ocean mai zoben yumɓu na musamman: ana sassaƙa lambobi a jikin zoben, a ɗora gamin zirkoniyam da aka ɗumama ya yi danƙo, a danna shi ya cika kowane lungu na sassaƙar, sannan a goge abin da ya yi saura, lambobin su fito da ƙyallin ƙarfe daidai da fuskar yumɓun. Narkakken ƙarfe zai motse ya bar giɓi a gefe, ƙarfe mai tauri kuma matsin da zai buƙata zai iya fasa zoben. Ƙananan haƙoran inji da Yasunori Saotome ya siffanta a Japan, da sifirin na cikin agogo, da mazuban buga zane mai ƙanƙantar da ido ba ya gani, duk daga wannan layin suke, kuma a irin waɗannan ne ya kamata a auna nasarar fasahar ko gazawarta a shekaru masu zuwa.